Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

Muna farawa da sunan Allah, muna salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Shugaba, Allah ya ƙara maka lafiya. Iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata da ke zaune a can ɓangaren, 'yan'uwa 'yan kasuwa da suka taso daga Mai Wurno, Sinnar, Sinja, Madani da ƙauyukan Jazira, da baƙinmu na Gadarif, sannunku da zuwa, sannunku da hanya.

A al'ada magatakarda lissafi yake karantawa a irin wannan rana: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya biya, wa ake bi. An riga an raba muku wannan a takarda. Kwamiti ya ce mu yi amfani da lokacinmu a kan wata magana da ta raba kan 'yan ƙungiya tun watanni uku da suka wuce, wato maganar hanya. Wasu daga cikin matasanmu suna so a sake haɗa ayari zuwa yamma, a je Kano a ɗauko kaya kamar yadda aka saba. Wasu dattawa kuma suna so a haɗa su su je umara kafin ƙarfi ya ƙare. Dukansu sun kawo buƙatarsu ofis, kuma dukansu suna neman a taɓa asusun ƙungiya. Kafin a ɗaga hannu, muna roƙon ku ba mu aron kunne mu ba ku labarin wata tafiya, don a cikinta ne muka samo shawarar da za mu kawo.

Kowa a nan ya san hanya ce ta haife mu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a zuwa gabas, har suka sauka a bakin wannan kogi wajen 1906. Su a ƙafa suka zo, da jakai da takarkarai. Waɗanda suka biyo bayansu sun tarar da wani sabon abu. A tsakanin 1911 da 1912 dogo ya isa Kano daga Ikko, a daidai wannan lokaci kuma dogon Sudan ya tsallake Farin Nilu a Kosti ya isa Ubayyid. Daga nan mai niyyar Makka ya san in dai ya kai Ubayyid da ransa da kuɗin tikiti, sauran tafiyar zuwa bakin Maliya a zaune zai yi ta. Kuɗin tikitin ne ya tsayar da kakanninmu da yawa. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, sai aiki ya samu: haƙar magudana, shema, tsinkar auduga. Mutum ya ce bari ya yi kaka ɗaya ya tara guzuri, kaka ta zama biyu, ya yi aure, ya samu hawasha ko rumfa a kasuwa. Da yawanmu jikokin wannan kaka ɗayar ne.

Dogon ya ci gaba da miƙewa ta ɓangarorin biyu kamar masu son gaisawa. A Sudan an haɗa Sinnar da Gadarif da Kasala a 1929, layin yamma kuma ya kai Niyala a 1959. A Nijeriya ya kai Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964. Faɗin layin ma ɗaya ne, ƙafa 3 da inci 6, nan da can. Da an haɗa su, taragon da aka loda a Kano zai iya shigowa tashar Sinnar ba a sauke buhu ɗaya ba. Amma tsakanin Maiduguri da Niyala akwai fiye da kilomita 1,200 ko da a miƙe aka auna, ƙasar Chadi kuma har yau ba ta da layin dogo. Wannan giɓin shi ne wahalar hanyarmu tun da can.

Tafiyar da za mu ba ku labari ta Baffa ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, ga shi can zaune kusa da liman. Mun zauna da shi dare huɗu muna rubutawa, ya kuma ba mu izini mu faɗa. Baffa, in mun yi kuskure a gyara mana.

Sun taso daga Zariya a farkon 1965, bayan ƙaramar Sallah, su goma sha huɗu, yana ɗan shekara ashirin. Ba da ka suka zaɓi lokacin ba. A waccan shekara aikin hajji ya faɗo a watan Afrilu, suna da wata biyu a hannu, kuma rani ne, hanyar Chadi ta bushe. Da damina ce, motoci ba sa wuce laka da kwaruruka na tsakanin Fallomi da Abashe, sai a jira kaka. Shiri kuwa tun shekara guda kafin nan aka fara shi. Sun naɗa madugu, wani dattijo da ya taɓa bin hanyar sau biyu. Sun naɗa mai riƙe kuɗin abinci na gayya, da mai riƙe takardu. Baffa shi ne ƙarami, kuma ya yi makarantar boko kaɗan, sai aka ɗora masa jakar takardu: fasfo, katin allura, da wasiƙu uku zuwa ga masu masauki a Fallomi, Jinaina da Mai Wurno. Kun ga aikin magatakarda ba yau aka fara wahala da shi ba.

Layin Maiduguri sabo ne fil a lokacin. Suka shiga jirgi a Zariya, ya bi da su Kaduna, Kafancan, Kuru, Bauci, Gombe, har Yerwa. Baffa ya ce a nan suka ɗauka tafiyar Makka wasa ce, mutum yana zaune yana cin ƙuli-ƙuli gari yana wucewa ta taga. A Maiduguri dogo ya ƙare, aka koma bayan lori. Dikwa, Gamboru, aka shiga ƙasar Kamaru, aka ratsa ɗan siririn yankinta zuwa Kusuri, aka yi fito a kogi zuwa Fallomi, wadda yanzu ake kira Injamena. Cikin 'yan kwanaki sun taka ƙasa uku, kuɗi ya sake daga fam zuwa sefa, harshen hukuma ya sake daga Turanci zuwa Faransanci.

A Fallomi suka yi kuskuren farko. Mutum uku daga cikinsu suka ƙi jiran mai masauki, suka bi wani ɗan canji da ya tare su a bakin kasuwa da Hausa mai daɗi, suka canja duk abin da ke ɗamararsu a lokaci ɗaya. Sai da suka dawo masauki aka lissafa aka ga an cinye musu kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Madugu bai yi faɗa ba. Ya ce daga yau ba mai canja fiye da abin da zai ci zuwa zango na gaba, kuma ba a canji sai a gaban maigida.

Daga Fallomi zuwa Abashe ta Ati da Ummu Hajar, suka yi kwanaki a kan kaya a saman lori, ana tafiya da sanyin safiya da na dare, ana kwanciya a ƙarƙashin mota da rana. Daga Abashe sai Adare, sai Jinaina, ƙofar Sudan. A nan kuskure na biyu ya fito. Wata baiwar Allah a cikin ayarin, gwaggon ɗaya daga cikinsu, ta ɓoye cewa ba ta yi allurar ba, katin da ta bayar na 'yar'uwarta ne. Aka gane, aka tsayar da ita. Ayari ya zauna shawara: a bar ta da ɗanta su biyo baya, ko a jira? Madugu ya ce tare aka fito, tare za a shiga. Suka yi kwana tara a Jinaina suna cin guzurin da aka ƙiyasta wa gaba.

Suka bi ta Zalinje suka isa Niyala, suka sake ganin dogo. Baffa ya ce da ya ji kukan jirgi a tashar Niyala sai da ya yi ƙwalla. Jirgin ba kullum yake tashi ba, suka jira shi kwana huɗu a filin tasha. Suka yanki tikitin daraja ta huɗu, mafi araha, bencin katako, mutane da buhuna da kaji, wasu ma a saman tarago. Suka bi Da'en, Babanusa, Abu Zabad, Rahad, Ummu Ruwaba, Tandalti. A kowace tasha mata na kawo shayi da kisra da gyaɗa, kowa kuma yana rige-rigen cika salka da buta, don wanda ruwansa ya ƙare tsakanin tasha da tasha ba shi da wurin nema. A Kosti jirgi ya hau gadar ƙarfe ya ratsa Farin Nilu, ya wuce Rabak, ya sauke su a mahaɗar Sinnar.

A wannan tafiyar ta jirgi ne wani abokin Baffa ya kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Da suka sauka aka kai shi Mai Wurno, gidan da wasiƙa ta uku ta nufa. Maigidan bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, ya karanta wasiƙa, ya share ɗaki. Lokaci ya ƙure, jirgin ruwa ba zai jira kowa ba. Dole wani ya zauna da mara lafiya, kuɗin gayya kuma kwana taran Jinaina sun cinye shi. Baffa ya miƙa jakar takardu ga madugu, ya ce su tafi. Su goma sha biyu suka shiga jirgin gabas, wanda ke hawa kan madatsar Sinnar ya bi Suki, Gadarif, Kasala, Haya, ya gangara duwatsun Sinkat zuwa Bur Sudan. Aka kai su Sawakin, inda ake tsare alhazai a duba lafiyarsu, suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, suka samu Arfa.

Baffa ya kashe kuɗin tikitinsa a magani. Abokin ya tashi. Lokacin tsinkar auduga bai ƙare ba, suka shiga gona su biyu. Sai bayan shekara uku Baffa ya ga Ka'aba, kuma da ya dawo bai wuce Sinnar ba. Da muka tambaye shi abin da ya fi damunsa a duk tafiyar, ya ce da a ce akwai wani ɗan asusu a Mai Wurno da matafiyi zai ranta ya biya daga baya, da bai rabu da ayarinsa ba. Ya ce wannan tunanin ne ya sa, ranar da aka zauna kafa ƙungiyar nan, ya dage sai an rubuta asusun hanya a cikin dokokinta. Ga shi nan a littafinmu na farko, da rubutun ajami, kuma shi ne asusun da ake son a taɓa yau.

Jama'a, ga abin da muka tsinta daga wannan labari, kuma duk wanda ya taɓa kai zoɓo ko riɗi ko ƙaro wata ƙasa ya dawo da goro da shadda zai shaida.

Na farko, lokaci. Hanya tana da kakarta kamar gona. Ana duba damina, ana duba azumi, ana duba ranar da jirgi ke tashi, sannan a ƙara kwanaki na jira a kan lissafi. Su Baffa sun ƙiyasta wata ɗaya da rabi, jira kaɗai ya ci musu kusan mako biyu.

Na biyu, takarda. Mutum ɗaya da ya ɓoye matsalar takardarsa ya tsayar da mutum goma sha uku. Fasfo da sauran wa'adi, biza, katin allurar shawara, duk a kawo ofis a gani da ido kafin a yanki tikiti. Yanzu da waya a hannun kowa, a ɗauki hoton kowace takarda a ajiye ɗaya a ofis, ɗaya wurin iyali.

Na uku, kuɗi. Ba a zuba shi a aljihu ɗaya, ba a canja shi a zango ɗaya. A ware na komowa a ɗaure shi daban, kada a taɓa shi ko don riba ta yi kira. Aikawa ta waya ta sauƙaƙa abubuwa, amma duk mun ga yadda layi ya ɗauke makonni a lokacin yaƙi, wanda kuɗinsa ke cikin waya kaɗai ya kwana da yunwa.

Na huɗu, maigida. Wasiƙu uku ne suka riƙe ayarin nan. A kowane zango sai an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa tun kafin a tashi. Matambayi ba ya ɓata, amma a san wanda ake tambaya.

Na biyar, a yanke tun a gida abin da za a yi in wani ya kwanta ko ya rasu a hanya: wa zai zauna, da kuɗin wa. In aka bar wannan sai abin ya faru, a bakin tasha za a yanke shi cikin kuka da gaggawa.

To, yau ina hanyar take? Ba sai mun gaya muku abin da ya same mu ba. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Madani ta fita hannu a Disambar wannan shekara, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, aka watse, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu har Bur Sudan. An dawo Sinja a ƙarshen 2024, an dawo Madani a Janairun 2025, muka tarar da rumfuna a buɗe, sito babu ko buhu. Akwai kujeru a wannan taro da masu su ba za su sake zama a kai ba, Allah ya jiƙansu. Hanyar da su Baffa suka bi ta Jinaina da Adare, ita ce dubban ɗaruruwan mutane suka bi a guje zuwa Chadi. Jirgin Niyala da ya yi wa kuka ba ya tafiya.

A wasu wurare kuwa dogo gaba yake yi. A Saudiyya an buɗe jirgin Haramaini a 2018, mai gudun da ya kai kilomita 300 a awa, yana haɗa Makka da Jidda da Madina, tafiyar kusan kilomita 450 a cikin awa biyu da wani abu. A Nijeriya an buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, a wannan shekarar kuma aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. Sai dai waɗannan sababbin sun fi namu faɗi, ko da an haɗa wata rana sai an sauke kaya an sake lodi. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta amince tun a taronta na Dakar a 2008 da shirin layin da zai taso daga Dakar ya ƙare a Bur Sudan. Muna fatan jikokinmu su hau shi. Mu dai ba za mu ɗora jarinmu a kan layin da ke kan takarda ba.

Saboda haka ga shawarar da kwamiti ya ɗora mana mu kawo gabanku, abu huɗu.

Ɗaya, a dakatar da maganar ayarin yamma da sunan ƙungiya, kuma kada a fitar da ko jinai ɗaya daga asusu dominsa, sai ranar da masu masaukinmu na Niyala da Jinaina da Abashe suka aiko da kansu cewa hanya ta buɗe. Ƙannenmu matasa, mun san abin da ke cin ku. Mu ma sa'o'inku ne, mu ma bashi ake bin mu, kuma mun san ribar da ke cikin kayan Kano yanzu da kasuwa ta bushe. Amma mu ne ke riƙe da littafi, mu ne za mu je gidan mahaifiyar mutum mu gaya mata bai dawo ba. Mun yi wannan sau biyu a shekarun nan, ba ma so mu yi na uku. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Wanda ke son kayan Nijeriya a yanzu, a haɗa kuɗi a yi oda ɗaya ta hannun 'yan'uwanmu na Kano, a turo ta ruwa zuwa Bur Sudan. Ribar ba ta kai ta da ba, jiran ya fi tsawo, amma mai kaya yana gida.

Biyu, maganar umarar dattawa a karɓe ta, amma da sharaɗi. A fara tura mutum uku masu ƙarfi su bi hanyar gabas a mota, Gadarif, Kasala, Haya, Bur Sudan, Sawakin, su ga shingaye nawa ne, wace takarda ake tambaya, ina za a kwana, yaushe jirgin ruwan Jidda ke tashi, nawa ne kuɗinsa a ranar, su dawo su ba da rahoto a rubuce. Zuwa da kai ya fi aike. Biza kuma ta hannun wakilin da hukuma ta sani kaɗai, tikitin jirgin Haramaini a yanke shi ta intanet tun kafin a bar Jidda. Kowane dattijo biyu a haɗa su da matashi ɗaya. Wannan ma aiki ne ga matasanmu, kuma za su ga kasuwar Jidda da idonsu.

Uku, a farfaɗo da asusun hanya. Shekara biyu ba a zuba komai a cikinsa ba, ba laifin kowa ba ne. Taro ya yanke abin da kowa zai iya a wata, komai ƙanƙantarsa, kuma a mayar da shi kan dokarsa ta asali: rance ne ga ɗan ƙungiya ko baƙon da hanya ta yanke wa, ba jari ba ne.

Huɗu, a buɗe littafin hanya. Dare huɗu da Baffa sun nuna mana yawan abin da ke shirin tafiya tare da dattawanmu. Akwai iyayenmu mata a nan da suka zo a goye, akwai waɗanda suka san kowace rijiya tsakanin Abashe da Fashir. Muna neman matasa biyar masu rubutu, boko ko ajami ko Larabci, a raba musu gidaje. A rubuta zango-zango, da sunan unguwar da Hausawa suke a kowane gari, da zuriyar masu masaukin da suka sauki kakanninmu, don a nemo su a sabunta zumunci. Ranar da hanya ta buɗe, kada mu tsaya muna tambayar ta ina ake bi.

Shugaba, wannan shi ne abin da ke gare mu. In mun taka wani a cikin magana, a yafe mana, matsayin ɗa muke a wurin mafi yawanku. Muna godiya ga Baffa da ya buɗe mana cikinsa, muna godiya ga matan da suka kwana a kan tukunya, da 'yan agashen da suka ce yau ba za su karɓi kuɗin kowa ba.

Allah ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, daga Burmi har bakin Maliya, waɗanda aka san kabarinsu da waɗanda ba a sani ba. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya.

Yanzu sai mu mayar da magana wurin shugaba, a ɗauki shawarwarin ɗaya bayan ɗaya a ɗaga hannu.